Alƙalin Selkirk

Yau ruwan sama ya kora ni cikin wani tsohon gini a tsakiyar kasuwar garin Selkirk, kudancin Sikotilan. Fakewa kawai na shiga yi, ashe tsohuwar kotu ce. Na tsaya gaban kujerar alƙali ina ɗigar ruwa, ina karanta allon da ke jikin bango: a nan Walter Scott, marubucin nan, ya riƙa yanke shari'a. Ya riƙe muƙamin sherif na gundumar daga 1799 har rasuwarsa a 1832. Ni da a tunanina sherif ɗan sandan Amurka ne mai malafa da bindiga a ƙugu! A nan kuwa alƙali ne. Mutanen gari ma "Shirra" suke ce masa, kamar sun mai da shi ɗan gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kafin zamaninsa gādon kujerar ake yi. Gidan Murray na Philiphaugh ne ke riƙe da ita, uba ya mutu ɗa ya hau, ko ya san doka ko bai sani ba. Sai bayan tawayen da aka yi wa sarkin Birtaniya a Sikotilan a 1745 majalisar Birtaniya ta soke gādon, aka biya masu shi diyya, aka koma naɗa lauyoyi. Ruwa ya ɗauke, amma na jima ban fita ba. Ina ta tunanin talakan da ƙararsa ta haɗa shi da ɗan gidan mai kujerar.