Na Raka Gwaggo Hubbaren Shehu

Gwaggo ce ta tsaya kai da fata sai na raka ta Sakkwato kafin ƙafa ta gagara. Da sassafe muka tashi daga Gusau, don yanzu ba mai son la'asar ta riske shi a wannan hanya. Kafin Talata Mafara mun wuce shingaye da dama, a kowanne direba ya dunƙule kuɗi ya miƙa, mai kaki ya karɓa ko kallon fuskarsa bai yi ba. Wani dattijo da ke gidan gaba ya ce, "Wannan duk rubutawa ake yi." Direba ya ce, "Baba, wa za a rubuta wa, ni ko shi?" Aka yi dariya, amma ba wanda ya ba shi amsa.

Hubbare ba shi da nisa da fadar Sarkin Musulmi. Nan aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, nan kuma kabarin 'yarsa Nana Asma'u yake, wadda ta rasu a 1864. Muka tuɓe takalma, muka ratsa mabarata a ƙofa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan mata, galibi tsofaffi daga ƙauyuka, kowace da ɗan ƙullin sadaka a bakin zani. Gwaggo ta ce tsohuwar al'ada ce, tun zamanin da Asma'u ke naɗa mata malamai da ake kira jaji tana ba su malfa, su shiga karkara suna koya wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa neman ilimi, tsarki, salla da tsoron lahira cikin waƙa. Kakar Gwaggo ma ta waƙa ta fara sanin tambayar kabari.

Ni dai na je da ɗari-ɗari. Na taso cikin masu ganin irin wannan ziyara tana dab da bidi'a, kuma da idona na ga wata mata tana shafa bango tana goga wa jikanta a goshi. Wannan kam bai kwanta mini ba. Shehun da ya bar Degel ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 saboda gyaran addini, ban jin zai so haka.

Gwaggo kuwa sallama kawai ta yi, ta yi wa mamatan addu'a, ta daɗe tana hawaye. Da muka fito na ce, "Gwaggo, me kika roƙa?"

"Wajen wa? Shi ma yana jiran hisabi kamar kowa. Gafara na nema masa, na nema wa kaina cikawa da imani."

Ta so mu ƙarasa Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, amma masaukinmu ya ce mu bari sai hanya ta yi kyau. Ba ta yi musu ba, ta dai sa na yi mata alkawari a gaban mutane.