Talata a Agadez, ranar gwajin zinariya

Da hantsi na ɗauki ɗan ƙullin da na dawo da shi daga Tchibarakaten, wurin haƙar zinariya a arewacin Nijar, na nufi wurin wani dattijo mai sayen zinariya. Tun 2014 da aka fara rububin zinariya a yankin Djado, matasa da yawa a garin nan suka koyi riƙe na'urar neman ƙarfe, amma kaɗan ne a cikinmu suka iya gwada abin da suka tono. Ita na'urar ba ruwanta, kukan da za ta yi wa zinariya za ta iya yi wa tsohon kwanson harsashi.

Alhaji ya fara da maganaɗisu, bai kama komai ba. Ya ɗan buga gefen ƙwayar da guduma, ta lotsa ba ta farfashe ba. Da wannan dutse mai ƙyalli ne da ke ruɗin sabon shiga, da ya zama gari. Sai ya goga ta a baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga asid a kan zanen. Zanen bai gushe ba. A nan hankalina ya kwanta.

"Yaro, wannan ya nuna zinariya ce kawai," in ji shi. "Bai faɗi ko karat nawa ce ba."

Akwai farin dutse maƙale a jikinta, don haka sai da aka narkar da ita a 'yar tukunya, dattin ya taso sama aka fitar. Nauyin ya ragu, raina ya ɗan sosu, amma dama dutse ba kuɗi ba ne. Abin da ya saura giram 6.2.

Gwajin ruwa shi ne ya fi burge ni. Ya ɗora kofin ruwa a sikeli ya mayar da shi sifili, ya ɗaure curin da zare ya nutsar ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Sikeli ya nuna 0.35, wato nauyin ruwan da girmansa ya yi daidai da na curin. Aka raba 6.2 da 0.35, ya ba da 17.7, wato curin ya ninka ruwa mai girmansa nauyi sau 17.7. Tatacciyar zinariya mai karat 24 tana ba da 19.3, azurfa 10.5, tagulla ba ta kai 9 ba. Tawa ta faɗa wajen karat 22, wato kusan kashi 92 cikin ɗari, sauran galibi azurfa ce da ƙasa ta haɗa su tun asali.

Abin da ke damuna shi ne yaran da ke sayarwa a can daji da ido kawai, mai saye ya ce karat 18 ce su yarda. Tsakanin 18 da 22 akwai kusan kashi 17 cikin ɗari na zinariya, gumin mutum ne yake tafiya haka nan. Na roƙi Alhaji ya maimaita lissafin a hankali har na rubuta, bai ƙi ba, Allah ya saka masa.

Ban sayar yau ba. Gobe zan nemi ɗan sikeli mai batir da ke auna har 0.01, in koya wa ƙanena kafin ya koma daji.