Kafin ka sa almakashi a maganar mutum

Shekara tara ke nan ina ɗaukar bidiyo a nan Garwa ta ƙasar Kamaru: biki, suna, walimar sauka, tafsirin azumi. A da, idan na haɗa awa biyu ko uku na zuba wa mai hidima a filas, aiki ya ƙare. Yanzu kuwa tun ban gama naɗe wayar lasifika ba za ka ji an ce, "Ka yanko mana ɗan guntu na sawa a WhatsApp." Kuma na ga da yawa cikinku, ƙannena, kun shiga wannan sana'a ta yanka dogon bidiyo ku mai da shi gajere, wasu don neman na cefane, wasu don neman mabiya. Ba laifi. Amma bari in ba ku labarin ranar da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Akwai wani dattijon malami a unguwarmu da ya ba ni izinin ɗaukar tafsirinsa na bayan la'asar. Wata rana aka zo ayar bashi, ta 282 cikin Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Malam ya ce, "Akwai masu cewa idan ka ci bashin mai kuɗi ba sai ka biya ba, ai shi ma na talakawa ya tara." Sai ya yi shiru yana gyara rawani, jama'a suka yi dariya. Daga nan ya ɗauki kusan minti goma yana rushe wannan magana tubali bayan tubali, har masallaci ya yi tsit.

Ni kuma a lokacin na cika kaina da shawarar masu koyar da harkar a YouTube, waɗanda kullum karatunsu ɗaya ne: daƙiƙa uku na farko su ne komai, ka fara da abin da zai tsayar da yatsan mai kallo. To, me ya fi wannan jumla tsayar da yatsa? Na duba na ga "akwai masu cewa" tana ci mini lokaci, na datse ta. Lokacin kuma bidiyon da ake sawa a "status" ɗin WhatsApp bai wuce daƙiƙa 30, don haka na raba abin gida-gida: kashi na ɗaya maganar bashin da dariyar jama'a, kashi na biyu da na uku raddin Malam. A tunanina duk wanda ya ga na ɗaya zai wuce na biyu.

Ba wanda ya wuce. Na ɗayan aka sauke aka yi ta turawa. Kwana biyu ya isa Marwa, ya isa Kusiri, wani ɗan'uwana da ke Injamena ya turo mini shi yana tambaya ko malamin garinmu ne wannan. Abin da ya fi ciwo, wani da ake bi bashi ya tura wa mai kantin da ke bin sa, wai ga fatawa.

Malam ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini wayar wani almajirinsa ya ce, "Ɗana, ni na faɗi wannan?" Na ce, "Allah gafarta Malam, Malam ne ya faɗa, amma..." Ya ɗaga hannu ya ce, "To, wannan amman ita ka yanke."

Na goge, na sa cikakken, na yi bayani da bakina na ba da haƙuri. Sai dai gyaran bai yi ko rubu'in tafiyar da ɓarnar ta yi ba. Magana zarar bunu ce, a waya kuwa har da iska mai kwasar bunun.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, masu waccan shawara suna magana ne a kan mutumin da ya zauna gaban kyamara don kyamara, ya shirya ya fara da kan zance. Dattijonmu ba haka yake magana ba. Sai ya yi sallama, ya yi salati, ya gai da manya, ya kawo labari, ya kawo maganar wanda bai yarda da shi ba ya shimfiɗa ta da kyau kamar tasa, sannan ya juyo ya kayar da ita. Ma'anar tana can ƙarshe. Kuma harshenmu yana da ƙananan kalmomi masu ɗauke da nauyin jumla gaba ɗaya: wai, in ji, sai dai, amma, da a ce, ko da yake. "Wai" ɗaya tak ita ke raba abin da mutum ya yi imani da shi da abin da yake ƙaryatawa, kuma ba ta kai rabin daƙiƙa ba a layin tacewa. Ga karin murya. Akwai gatse da in ka raba shi da abin da ya gabace shi ya zama yabo.

Don haka yanzu ba na taɓa almakashi sai na kalli abin tun daga bisimilla har addu'ar tashi, da biro da takarda, ina rubuta mintin da magana ta fara da mintin da ta sauka. Na san akwai gajiya. Na kuma san akwai manhajojin da za ka ba su awa guda su zaɓo maka guntaye da kansu. Na gwada. Inda murya ta ɗaga ko aka yi dariya suke bi, wato daidai ramin da na faɗa da ƙafata. In na gama yankan kuma, sai in kai wa mahaifiyata, wadda ba ta je wurin ba, in kunna mata sau ɗaya in ce, "Inna, me mutumin nan ya ce?" Idan abin da ta maimaita ya saɓa da abin da na ji a masallaci, guntun bai yi ba, komai daɗinsa. In kuwa farkon maganar ba shi da armashi, ba na ƙirƙiro masa armashi da datsa. Layi ɗaya nake rubutawa a sama, misali "Malam a kan masu ƙin biyan bashi", ya riƙe mai kallo har zancen ya ɗauki zafi.

Uzurin ƙarancin lokaci ma ya ragu. WhatsApp ya ƙara tsawon bidiyon zuwa minti guda a 2024, YouTube kuma tun watan Oktoba na shekarar ya bar gajerun bidiyonsa su kai minti uku. Maganar da ba ta shiga minti uku ba tare da ta karye ba, wataƙila ba ta yanka ba ce. A bar ta a dogonta.

Kuskure na biyu na ido ne, ba na amana ba, amma ya sa an yi mini dariya. Kyamara a kwance take ɗauka, faɗi 16 tsayi 9, su kuwa TikTok da Reels na Instagram da Shorts na YouTube a tsaye suke so, 9 da 16. Idan hotonka 1920 ne a faɗi, 1080 a tsayi, ka yanko tsaye daga ciki, abin da zai rage maka na faɗin bai wuce 608 ba. Sama da kashi biyu cikin uku ya tafi. A tafsiri kuma mutum biyu ne a zaune, alaramma mai jan baki da malam mai fassara. Guntayena na farko, tsakiya na yanko, sai ga rabin kafaɗar wannan, rabin rawanin wancan, da lasifika a tsakiya tana ta wa'azi ita kaɗai. Magani tun wurin ɗauka yake: ka ja baya ka bar fili, ko ka kafa waya ta biyu a tsaye kan mai magana. Rubutu kuma kada ya sauka ƙasa sosai ko ya matsa dama, nan maɓallai da sunan shafi suke rufewa.

Sauti ya fi hoto. Mutum zai jure hoto mai hazo, ba zai jure ƙarar janareto da fanka da baburan bakin titi ba. Ɗan makirufo na maƙalawa a wuyan riga ya fi mini amfani a kan kyamarar da na yi wata shida ina tara kuɗinta. Kiɗa kuwa, ku bar ɗora shi a ƙarƙashin maganar manya. Na taɓa sa wani sanyayyen kiɗa a bayan nasihar wani dattijo ga ango da amarya, 'ya'yansa suka ce in cire tun kafin ya gani. Ban da haka ma, waƙar da ba taka ba tana iya sa a kashe wa bidiyon sauti gaba ɗaya saboda haƙƙin mai ita.

Rubutun ƙasa da hannu nake yi. Na'urar da ke rubutawa da kanta ta taɓa mai da mini Hausa wani abu da ba Faransanci ba, ba Larabci ba. Kuma ka duba salon harafin da ka zaɓa ko ya san ƙ da ɗ da ɓ, don wasu akwati suke nunawa a gurbinsu, in kuma ka ce ka bar lanƙwasar, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Mu nan akwai ƙarin aiki: mutumin Garwa zai fara jumla da Hausa, ya ratsa ta Fulatanci, ya ƙarasa da Faransanci, bai ma san ya yi ba. Mai kallo a Kano ko Damagaram ya tsaya a tsakiya. Ratsin nan nake fassarawa a rubuce, ba na yanke shi, don shi ne muryar garin.

Sai maganar izini, wadda na koya a gidan biki. Wata gwaggon amarya, mace mai kamun kai da ba a jin ko tarinta a unguwa, ta shiga fili a ɓangaren mata ta taka rawa ta minti ɗaya don murnar 'yar ƙaninta. A dogon bidiyon da na ba iyali abin sha'awa ne, kowa ya gani ya yi murmushi. Ni kuwa na yanko daƙiƙa ashirin na sa a shafina. Washegari ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce, "Ɗan nan, a gaban 'yan'uwana na yi, ba a gaban duniya ba. Surukaina sun gani." Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini," na sauke, amma wa ya san wayoyi nawa ya riga ya kwana a ciki? Wanda ya biya ka kuɗin ɗauka ya ba ka izinin ɗauka ne kawai. Fuskar kowa a cikin taron tasa ce, musamman mata da yara, kuma tambaya ba ta cin ko dala.

Game da abin da ake kira na gaskiya, wanda ba shiri, nan ma na sha mamaki. A watan Janairu na 2022 da aka kawo wasannin cin kofin Afirka filin Roumdé Adjia da ke nan Garwa, garin ya cika da baƙi, 'yan Najeriya sun tsallako ta Yola da yawa. Ranar 11 ga wata da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, na yini a wajen fili ina ɗauka. Na kwana biyu ina haɗa wani guntu mai walƙiya da juye-juye, hoto na shigowa ta hagu yana fita ta dama, irin na 'yan ƙasashen waje. Ya wuce kamar ba a sa ba. Abin da mutane suka yi ta turawa wani yanki ne da na kusa gogewa saboda hannuna ya yi rawa: wani tsoho mai tsire yana cikin yanka wa mutum nama, sai ihu ya tashi daga cikin fili lokacin da Iheanacho ya zura ƙwallon. Ya tsaya da wuƙa a sama ya ce, "Wa ya ci?" Aka gaya masa. Ya ce, "To, madalla, yau za a ci tsire," ya ci gaba da yankansa. Na koma na neme shi na nuna masa kafin in sa, ya yi dariya ya ce in sa mana. Tun daga nan idan ina duba dogon bidiyo, ba inda na yi ƙwarewa nake nema ba, inda mutum ya manta da kyamara nake nema.

Sauran ƙanana ne. Ka yanka daga asalin fayil, ba daga wanda ya bi ta WhatsApp ya dawo a matse ba, in kuma dole a turo maka ta nan, a turo shi a matsayin takarda, wato "document". Kada ka sauke daga TikTok da tambarinsa ka kai wani dandali. Ka rubuta wuri da rana a jikin guntun kansa, ba a bayanin ƙasa ba, don bayanin ba kullum yake bin bidiyo ba idan an tura, kuma tsohuwar magana tana iya dawowa bayan shekara biyu a ce jiya aka yi ta. Asalin kuma ka adana shi, ranar musu shi ne shaidarka.

Malam bai kore ni ba. Har yanzu ni ke ɗaukar tafsirin, sai dai kowane guntu sai ya bi ta zaurensa kafin ya fita. Ba ya kallon hoton, wayar yake karawa a kunne ya rufe ido. A azumin da ya wuce na kai masa wani da nake ganin ya cika, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mini ya ce, "Bayan nan na ce wallahu a'alam. Mayar da ita."