Gidan da Ba Mu Sa wa Ƙofarsa Kwado Ba

A ƙarshen shekarar 2019 ne majalisar dattawan ikilisiyarmu a Jos ta ɗora mini kula da wani gida mai ɗaki huɗu da muka kama haya, domin mazan da aka sallamo daga asibiti bayan jinyar shaye-shaye, waɗanda mayar da su unguwanninsu kai tsaye tamkar mayar da su ramin da aka ciro su ne. Ni ba likita ba ne, ba kuma fasto ba. Malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma abin da ya sa aka ga dacewata shi ne kowa a majami'a ya san na shafe ƙuruciyata a gidajen burkutu kafin Ubangiji ya raba ni da ƙwarya.

A wancan lokaci maganar ƙwaya ta cika gari. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye, ban da barasa da taba, a Nijeriya cikin shekara guda, kuma tun watan Mayun 2018 gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC da ya girgiza mutane. Sai kuma ga abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida da ake tsare su da sunan gyaran tarbiyya, wasunsu da mari a ƙafa. Duk da wannan labari, tambayar farko da iyaye da yawa suka riƙa yi mini ita ce ko muna kulle ƙofa. Da na ce musu ba mu da kwado, ba mu da mari, kuma wanda ya ga damar tafiya ba mai tare shi, wasu sun juya da 'ya'yansu suna ganin wasa muke yi.

Tsarin ba mu ne muka ƙirƙiro shi ba. Wani likita ɗan ikilisiyarmu ne ya ba mu labarin gidajen Oxford House na Amurka, waɗanda Paul Molloy da abokansa suka fara a garin Silver Spring na jihar Maryland a 1975, bisa sharuɗɗa uku: mazauna gida su ne ke tafiyar da shi ta hanyar ƙuri'a, su ne ke biyan kuɗin haya da na abinci daga guminsu, kuma duk wanda ya koma sha zai bar gidan nan take. Waɗancan gidaje ba na wani addini ba ne. Mu muka ɗora addu'ar asuba da ƙarfe biyar da rabi, da nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Laraba, da sujadar Lahadi, kuma muna faɗa wa kowa wannan tun kafin ya ajiye jakarsa, domin kada wani ya ce an yaudare shi. Mutum takwas gidan ke ɗauka, biyu a kowane ɗaki, domin kwanan kaɗaici ba alheri ba ne ga mai wannan fama. Da gari ya waye kowa zai fita neman na kansa, ko gareji, ko shagon ɗinki, ko wurin buga bulo, ya dawo kafin ƙarfe bakwai na yamma, ranar Asabar kuma a zauna a tsakar gida a ƙirga kuɗin mako a gaban kowa.

Kuskurena na farko na jahilci ne. Wata gwauruwa ta kawo ɗanta kai tsaye daga wurin shan goskolo, wata barasa mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, ba tare da ya bi ta asibiti ba, tana kuka tana cewa ba ta da kuɗin gado. Na karɓe shi, har na sa muka shiga azumi da addu'a dominsa, shi ma na ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. A dare na uku hannunsa ya kama rawa, ya jiƙe sharkaf da gumi cikin sanyin Jos, yana nuna bango yana cewa ga ƙwari suna saukowa, kafin asuba kuma ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. A bayan a-kori-kurar maƙwabci muka kai shi asibiti. Likitan nan namu bai ɗaga mini murya ba, amma ya bayyana mini cewa jikin da ya saba da barasa mai yawa, idan aka yanke masa ita farat ɗaya, yana iya shiga wannan hali cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yana iya kashe mutum idan ba a ba shi magani a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya ba. Tun daga ranar ba mu sake karɓar kowa ba sai da takardar sallama daga asibiti, kuma na daina sa wa sabon zuwa azumi.

Kuskure na biyu shi ne ya fi ci mini rai, domin da sunan tausayi na aikata shi. Akwai wani makaniki a gidan, saurayi mai hannu a aiki, mai muryar waƙa, wanda tiramol ta raba shi da garejinsa da kuma yarinyar da zai aura. Ya yi wata biyar bai taɓa komai ba, har ni da kaina na tsayar da shi gaban jama'a ranar Lahadi ya ba da shaida, mata 'yan zumunta suna guɗa. Bayan mako uku, ina gyara katifu domin shanya, sai ga ɓawon katin ƙwaya, mai lamba 225 a jiki, a cuse cikin ɗinkin matashinsa. Na kira shi bayan gida, ya durƙusa ya kama ƙafata yana cewa, "Baba, sau ɗaya ne, don Allah ka rufa mini asiri." Na tuna da kaina a shekarunsa, na tuna kuma da kunyar da ni ma zan sha gaban waɗanda suka yi guɗa, na jefa katin a masai, muka yi addu'a, na yi shiru.

A gida mai ɗaki huɗu ba a ɓoye irin wannan abu. Abokin ɗakinsa ya sani tun kafin ni, ya kuma ga cewa na sani ban yi komai ba. Shi wannan abokin ɗaki yaro ne da bai cika wata biyu da fitowa daga asibiti ba, kuma cikin kwana goma shi ma ya koma, da ƙwayar da ya samu a aljihun makanikin.

A taron Asabar na faɗi gaskiyar abin da na yi, sannan na nemi kare kaina da nassi. Na tuna musu cewa da Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai gafarta wa ɗan'uwansa, amsar da ya samu ta wuce bakwai nesa ba kusa ba, na kuma kawo misalin ɓataccen ɗan nan da ubansa ya tarbe shi tun daga nesa. Wanda ya amsa mini wani tela ne, mafi tsufa a cikinsu, wanda ba ya yawan magana. Ya ce, "Baba, mun ji, kuma mun gafarta masa tun kafin ka buɗe baki. Amma shi ɓataccen ɗan da ƙafarsa ya dawo, bai shigo da aladun cikin gida ba. Ni duk dare sai na yi kokawa da raina kafin barci ya ɗauke ni, abin da ke taimakona kawai shi ne na san babu ita a gidan nan. Idan akwai ta a ɗakin kusa, kuma kai ka sani, to ina zan gudu?" Ban sami abin cewa ba. Aka kaɗa ƙuri'a, ni ba ni da ƙuri'a a tsarin gidan, mutum shida suka ɗaga hannu a kan su biyun su fita.

A ganina telan ya fi ni fahimtar nassin. Na haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato gafarar da ake yi wa mutum da kuma gadon da yake kwana a kai. Gafara ba ta ƙarewa, kuma ba a sayenta, amma gadon amana ce ta mutum bakwai da suka dogara da tsabtar gidan domin su kai gobe. Wanda na cuta da shiruna shi ne yaron da ya fi kowa rauni, wanda bai roƙe ni komai ba.

Sai dai ba mu ɗauki dokar kora yadda muka same ta ba, domin a nan babu wani gida na kusa da mutum zai koma, kuma likita ya gargaɗe mu cewa wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya rage juriya, saboda haka adadin da ya saba sha a da yana iya halaka shi a yanzu. Muka tsara cewa ba a fitar da kowa da dare, ba a kuma sake shi a titi. Ni ko wani dattijo zai raka shi asibiti ko hannun danginsa, a faɗa musu wannan haɗari ƙarara, kuma bayan wata guda yana da damar dawowa ya tsaya gaban mazauna gida ya nemi su sake karɓarsa. Na kuma roƙi fasto a daina tsayar da mazauna gidan su ba da shaida a majami'a kafin su cika shekara, domin na ga yadda tafi da guɗa suka ɗora wa makanikin kayan da ya hana shi cewa yana shan wuya tun kafin ya faɗi.

Iyaye ma sai da muka yi da su. Uwa za ta zo ziyara da kwanon tuwo, a ƙarƙashin murfin ta ɓoye 'yan kuɗi domin kada ɗanta ya ji kunya a cikin abokai, ba ta san cewa kuɗin da ba wanda ya san da su sun fi komai haɗari a aljihunsa ba. Na koyi zama da su a zaure kafin su shiga, in ce, "Mama, duk abin da kika kawo, a rubuta shi a littafin gida." Wasu sun ji haushi, yawancinsu sun gane daga baya.

Yaron nan, abokin ɗakin makanikin, bai dawo ba. Danginsa sun mayar da shi ƙauye, kuma labarin da nake samu a kansa wani lokaci mai daɗi ne, wani lokaci akasin haka. Makanikin ya dawo bayan mako bakwai, ya rame, riƙe da takardar asibiti a cikin leda. Ya tsaya a tsakar gida ya faɗi inda ya sayi ƙwayar, da ranar da ya fara, da ƙaryar da ya yi mini cewa sau ɗaya ne alhali ya kai sau tara. Aka sa shi ya fita waje, aka yi muhawara kusan awa guda, sannan aka karɓe shi bisa sharaɗin cewa albashinsa zai riƙa shiga hannun ma'ajin gida har wata uku. Telan ne ya ce a sa shi a ɗakinsa, ya tashi da kansa ya janye keken ɗinkinsa daga jikin bango domin a sami wurin shimfiɗa katifa.