Wannan karon sai mun ga Wida da Abome

Mu 'yan Maraɗi in mun sauka Kwatano ta ƙasar Benin, daga tashar jiragen ruwa sai kasuwar Dantokpa, sai haramar gida. Shekara da shekaru haka.

Jiya ni da ƙanena muka tsara 'yar fita. Wida ba nisa, kamar kilomita 40, a bakin tekunta aka gina ƙofar tunawa da bayin da aka loda a jirage. Amma Abome ce ta fi ja na. Can ne Sarki Behanzin na Dahomey ya yi sarauta, ya gwabza da Faransawa, har da mata mayaƙa a rundunarsa, sai a 1894 ya miƙa wuya. Mutum-mutuminsa na dandalin Goho a Abome, hannu a ɗage.

Ƙanena yana ta lissafin kuɗin mai a bayan ambulan na wasiƙa. Hajiya kuwa sharaɗinta ɗaya: kada wanda ya tsoma ƙafa a teku.