Makeron autata

Wata biyu muka yi muna fama da makero a wuyan autata, kuma ni na ja mana. Da na ga da'irar nan mai jan baki tana ƙaiƙayi, sai na aika kyamis ɗin unguwa aka kawo min irin man shafawar nan mai haɗin magani uku. Kwana uku jan ya lafa, na ce alhamdulillahi, na jefa shi cikin durowa. Bayan sati biyu abin ya dawo har bayan kunne, wurin da na shafa kuma ya yi haske kamar an yi mata bilicin.

A asibiti likita ta juya kwalin ta nuna min betamethasone a jiki. Ashe shi ke kwantar da ja da ƙaiƙayi, alhali ƙwayar cutar tana nan tana yaɗuwa, ga shi yana sirantar da fata. Ta rubuta mana clotrimazole zalla, safe da yamma, a wanke wurin a tsane shi sosai, a shafa har gefen da'irar, sannan in wanke hannuna. Ta ja min kunne kada in daina don ya ɓace, in ƙara sati biyu.

Ta duba kan yarinyar ma, domin makeron kai sai maganin sha, shafawa ba ta kai wa tushen gashi.

Yanzu kowa da tawul ɗinsa da matajinsa. Yayyenta har yau suna mita.