Kafin ka kai ɗanka makarantar da fentinta bai bushe ba

Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, ɗan ƙanwata ya tare ni a bakin masallacinmu na nan Buronks, a birnin Niyok na Amurka, ya zaro wata takarda mai sheƙi daga aljihu. Hoton yara ne, rigunansu iri ɗaya a goge, kowa haƙori waje. Ya ce, "Kawu, sabuwar cata za a buɗe a watan Agusta, kowane yaro da kwamfutarsa. Zan cire 'yar wajena daga ta unguwa." Da ni yake magana, amma idonsa na kan waya, babban yatsansa na cika fom. Na tsaya ina kallonsa, don irin wannan takardar na taɓa kai wa uwargidana da ɗoki, ina jin na tsinto dami a kala.

Ga na gida da ba su san abin ba: cata makaranta ce a Amurka da gwamnati ke biyan kuɗinta daga haraji, amma kwamiti mai zaman kansa ke tafiyar da ita. Iyaye ba sa biyan ko sisi. Jihar Minesota ce ta fara yin dokarta a 1991, jihar Niyok ta bi sahu a 1998. A nan ana ba su izini na shekara biyar, in ba su yi abin kirki ba a ƙi sabuntawa. In masu nema sun fi kujeru yawa, ƙuri'a ake jefawa a watan Afrilu. Ta unguwa kuwa adireshinka ne ke kai ka, kuma dole ta karɓi ɗanka ko a tsakiyar shekara kuka tare.

Ɗan farina ya yi shekara guda a ta unguwa. Tsohon gini, matakala duk ta sha takalmi, aji cike, sakamakon jarrabawar jiha kuma ba na nunawa ba ne. Malamarsa wata dattijuwa ce da ta koyar da iyayen wasu 'yan ajin. Ita ta fara lura yaron yana juya haruffa, ta ce a cike takardu a duba shi, a ba shi taimako na musamman. Raina ya ɓaci. A kunnena cewa ta yi ɗana daƙiƙi ne. Cikin wannan fushin takardar ta zo hannuna, sunansa ya fito a ƙuri'a, na ɗauka zaɓin Allah ne. Uwarsa ta ce, "Alhaji, a bari matar nan ta gama abin da ta fara." Na ce mata ita me ta sani, ita da ba ta jin Turanci sosai. Wannan maganar har yau ban gama biyan bashinta ba.

Amma a yi mini adalci. Tasi nake tuƙi da dare, in kwanta da asuba. Catar tana riƙe yara har wajen ƙarfe huɗu, ta unguwa tana sallamarsu tun kafin uku, wa zai ɗauko shi? Ga riga iri ɗaya, ga ladabi, yara na tafiya a layi shiru kamar an ɗauke ruwa. Duk wanda ya taso a wurinmu ya san yadda wannan ke sanyaya zuciyar uba. Kuma ban ɓoye ba, akwai son a sani: ina aika hotonsa gida, dangi na zaton makarantar kuɗi na sa shi. Ban gyara musu zato ba.

Abin da ban tambaya ba shi ne: su wa za su koyar? Makarantar ta fara da aji biyu kacal a hawa na uku na ginin wata makarantar gwamnati, kowace shekara tana ƙara aji ɗaya. Wato ɗana da tsararrakinsa su ne zakaran gwajin dafi, kowane aji suka shiga, ba a taɓa koyar da shi a wurin ba. Malaman yara ne sabbin fitowa daga jami'a, masu ƙoƙari ƙwarai, ba na cin naman su, amma aikin ya fi ƙarfinsu. A aji biyu malamai uku suka yi masa. Shugaban da ya gaisa da ni hannu biyu ranar buɗewa bai kai shekara ta uku ba. Akwai allo a bango mai launi uku, kore, rawaya, ja, sunan yaro na sauka in ya yi motsi ko ya kau da ido daga malami. Yaron da haruffa ke masa rawa a takarda dole ya kau da ido. Kullum ja. Wayata na ƙara ƙarfe goma na safe, ina tsakiyar barci, a zo a ɗauke shi. In je in same shi a kujerar ofis, jakarsa a cinya, ya cusa kai cikin kwalar riga. Ni kuma in hau shi da faɗa a mota.

A 2015 makarantun gwamnatin birnin Niyok suka fara hutun Sallah. Cata kowacce da kalandarta. Ranar Babbar Sallah 'ya'yan maƙwabta na yawo da sabbin kaya, nawa an rubuta masa fashi don na kai shi Idi. Ƙaramin abu ne, amma ranar uwarsa ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Da shekara biyar ta cika aka ƙi sabunta izinin. Wasiƙa muka samu. Aka duba yaron daga baya, aka samu abin da dattijuwar nan ta gani tun yana ɗan shekara biyar. Ya iya karatu yanzu, yana aikinsa, alhamdu lillahi. Sai dai ba ya ɗaukar littafi don jin daɗi, kuma ba ya son in yi zancen makarantar.

Na yi niyyar rubuta muku shawara goma, ku yaran yanzu, amma wa zai karanta? Abin da bai wuce minti ɗaya a TikTok ba ba ya shiga kanku. To ga ta a gajarce. Kada ku kai yaro makarantar da ba ta yaye ko aji ɗaya ba. Ku bar 'ya'yan wasu su fara. Ku ajiye wayar, ku je da ƙafarku ranar da ba ta baƙi ba, ku tambayi malamai nawa ne na bara suka dawo bana, ku tambayi abin da ake yi wa yaron da ya kasa karatu. In amsar ta fito santsi kamar takardar talla, ku juya. In yaronku na da malamin da ya san shi, kada ku taɓa shi, ko da rufin ajin na yoyo.

Kuma kada wani ya je ya ce na ce cata ba ta da kyau. Autata a wata tsohuwar cata ta yi, ta fi kowa a gidan lissafi, irin tsananin da ya karya wanta shi ya miƙar da ita. Ta unguwar ma na san yaran da ta lalata. Fom ɗin kyauta ne, ku cika abinku, fitowa a ƙuri'a ba ɗaurin aure ba ne. Ko da yake na san ku, in sunan ya fito ɗoki zai kwashe ku, gara ma kada ku cika.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata a tsaye, takalmina ɗaya a hannu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Gaskiya ne, Kawu, amma wannan daban ce." Na ce ya tambayi uwar yarinyar tukuna. Ya ce ai tun muna magana ya danna ya tura.